Ɗan Kama a Rumfar Yaran Lazare

A duk shekarun da na yi ina aikin jinya, akwai ranar da ta ƙi fita daga raina: ranar da na je da ƙafata na roƙi soja ya bar ɗan kama ya shigo rumfar marasa lafiya. Ku da kuka kama aiki jiya-jiya, ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Shekarar babban fari ce, wadda sojoji suka karɓi mulki a cikinta. Lazare da kuka sani yau da kasuwa da gidajen siminti, a lokacin fili ne a bakin Yamai, an cika shi da rumfunan mutanen da yunwa ta koro daga arewa. Ni kuwa yarinya ce daga Damagaram, ban daɗe da fitowa daga lakwal ɗin jinya, wato makarantarmu, ba, aka tura ni can. Tsarin aikin shi ne, sha'anin magani yana hannun majo, wato babban ma'aikacin jinya. Hatsi da layi da tsaro kuma suna hannun soja. Namu sojan shi ne Ajidan Jibo. Ajidan muƙami ne sama da sarjan, ƙasa da liyetna, amma a Lazare in ya ce a tsaya, ko akuya tsayawa take.

Ni aka ba rumfar yaran da suka fi ramewa. Irin waɗannan ba a cika musu ciki, sai ka kashe su da hannunka. Garin madara ake damawa tsararo, a sa sukari da ɗan mai, a riƙa ba su da cokali kaɗan-kaɗan, yini guda. Ga abin da majo ya fara koya mini, ni ma shi nake fara koya muku: yaron da ke kuka yana fizge kofi ba ya ba mu tsoro. Wanda ke ba mu tsoro shi ne wanda yunwa ta kai shi inda ya daina jin yunwa. Ka kai masa cokali, ya kawar da kai a hankali. Wannan in ba a yi da gaske ba, likkafani ne.

A madafar sansanin akwai wani Bagobiri daga wajen Maradi, sunansa Tankari. Ɗan kama ne tun kakanni. Na ga wasunku na kallona, ba ku ma san su ba. 'Yan kama su ne masu ɗaukar waƙar da kowa ya sani, su bar muryarta yadda take, su cire abin da ke ciki su cusa abinci. Inda mawaƙi ya yabi gwarzo, su tuwo za su yaba. Inda ya yi kukan masoyiya, su kukan nama za su yi. Da fari ya zo, biki ya mutu, sana'arsa ta bi shi. Ya kwaso iyalinsa zuwa Yamai, aka ɗauke shi yana tuƙa kunu a manyan tukwane, ana auna masa hatsi a matsayin lada.

Kai, Tankari! Mutum ne siriri kamar muciyar da yake riƙewa, amma shi kaɗai orkes ne guda, wato cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Muciya ce jitarsa, gindin bokiti gangarsa, ƙahon busa kuma daga hancinsa yake fitowa. Yana da waƙar 'yan badujalar soja, yana fareti da ludayi a kafaɗa yana kiran sunayen miya ɗaya bayan ɗaya. Yana da ta wata zabiya, sai ya ɗaura tsumman goge tukunya a ka, ya maƙale murya yana yauƙi. Amma wadda muka fi so ita ce ta wata waƙar soyayya da wasu samarin orkes suka yi, wadda rediyo ya hana mu sakat da ita a shekarar. A ta asali, saurayi ne ke jiran budurwarsa a tasha. A ta Tankari kuwa:

"Tuwo, ka tafi ba ka yi sallama ba,
Na je tasha an ce ka hau kamiyo,
Miyar kuka tana riƙe maka kaya,
Man shanu na gaba kusa da direba."

Sai ya dafe ƙirji ya langaɓe kamar yadda mai waƙar ke yi. Mu da muke wuni cikin gawa da zawo, wallahi mukan yi dariya har mu riƙe ciki. Akwai kuma baitin da ya fi kowanne tashe, inda yake cewa da tuwo ya tafi sai aka ba shi jar dawa ya riƙa, wadda ko jakin ƙasarsu sai an roƙe shi yake ci. Jar dawar taimako ke nan da ake sauke mana daga waje.

Wannan baitin ne ya ja masa. Wata rana da hantsi Ajidan Jibo ya zo duba layin kunu, ya tarar da mutane suna ƙyaƙyatawa, Tankari na tsakiya da muciya. Ya tsaya ya ji waƙar har ƙarshe, fuskarsa kamar an ɗaure ta da igiya.

Ya ce, "Kai, zo nan. Mutanen nan jiya suka binne 'ya'yansu, kai kana musu waƙar man shanu? Kuma abincin da gwamnati ta wahala ta kawo, shi ne na jakai?"

Tankari ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wasa ne."

"Wasan ya ƙare. In na sake jin bakinka, ka bar madafar nan, kuma a bariki za ka ƙarasa waƙar."

A zamanin nan in an ce bariki, ba wanda ke tambayar yaushe za a dawo. Ni dai raina ya rabu biyu. Na ji zafin abin, amma na san Ajidan ba mugunta ce kawai ta sa shi ba. Shi ya raka kamiyoyin hatsi, manyan motocin nan, zuwa arewa, ya ga abin da ya gani a kan hanya, tun daga nan dariya take ba shi haushi. Madafa ta yi tsit, sai ƙarar muciya a tukunya.

To, a rumfata akwai wata yarinya, Mariyama, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Kakarta ce ta goyo ta tun daga Adar, uwar ta rasu a hanya. Da farko tana karɓar cokali biyu uku. Sannan ta daina. Na yi lallashi, na yi wasa, na yi faɗa, kakar ta yi kuka tana cewa, "Ki sha don Allah, ɗiyata, ki sha don ni." Yarinya sai ta kawar da kai ta zuba wa karan rumfa ido. Na gaya wa majo, ya duba ta, ya ce a babban asibiti ma gado babu, mu ci gaba da cokali. Na gane abin da yake nufi. Na ji tsoro ƙwarai, domin na riga na saba da yarinyar.

Kakar ce ta tsayar da ni wata safiya. Ta ce, "Ɗiyata, wai ina mai waƙar tuwon ga? Da in ya kawo bokiti yana yi, nakan ga bakinta yana motsi. Tun da ya yi shiru ita ma ta yi shiru."

Na tafi madafa na sami Tankari. Ya saurare ni, ya girgiza kai. "Madam, ki rufa mini asiri. Bakuna bakwai ke cin mudun nan. In aka tafi da ni, ke za ki ciyar da su?"

Gaskiya ya faɗa, ban ja da shi ba. Sai na bi hanyar da ta dace: na nemi izinin majo, ya ce in dai ni zan yi magana da bakina, in je. Na sami Ajidan a gindin buhuna yana kallon masu sauke kaya. Da yake Bazabarme ne, na yi masa "fofo", gaisuwarsu, da ɗan guntun Zabarmancin da na iya, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Madam, a lakwal ɗin naku waƙa aka koya muku a matsayin magani?"

Na ce, "A'a, Ajidan. Abin da aka koya mini na yi shi duka, ya ƙare. Yarinyar mutuwa za ta yi."

Can ya ce, "Sau ɗaya. Ina tsaye a wurin. In na ga wulaƙanci, shi da ke duka ku kuka da kanku."

Bayan azahar Tankari ya shigo da muciyarsa da bokiti, Ajidan ya tsaya a bakin rumfa ya harɗe hannuwa. Ban taɓa jin waƙa ta lalace kamar farkon wannan ba. Murya na karkarwa, hancin ya ƙi busa, idonsa na kan takalmin soja. A hankali dai ya warware. Iyaye mata suka fara murmushi, wasu yara suka ɗago kai. Ya tsallake baitin jar dawa kamar mai tsallake kwata. Ya kai ƙarshe. Mariyama ko gezau. Idonta dai ya dawo kansa, amma da na kai cokali sai ta kawar da kai.

Na ce a raina shi ke nan. Ajidan ma har ya juya zai tafi.

Sai Tankari ya ajiye muciya. Ya zo ya tsuguna gaban tabarmar yarinyar, bai ko dube ta ba, kofin madararta ya ƙura wa ido. Ya sa hannu ya ɗauke shi daga gabana. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya ɗora waƙar daga inda saurayi ke hango budurwarsa ta sauko daga mota, ya mai da ita kan madara: ashe nan kika ɓuya, farar amarya, an bar ki a hannun wadda ba ta san darajarki ba, zo mu tafi Gobir. Yana yi yana lashe baki, maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Kuma ku sani, shi ma yunwar yake ji, ba wasa ba ne duka. Ya ɗaga kofin a hankali zuwa bakinsa.

Na ji takun takalmi a bayana. Ajidan ya taho da hannu a sama, yana cewa, "Ɓarawon banza, madarar yarinya..."

Hannun Mariyama ya riga nasa isa. Wani ɗan hannu kamar tsinke, ya kama gefen kofin. Ta buɗe baki, muryar da na manta da ita ta fito a shaƙe:

"Nawa ne."

Tankari bai saki ba. Ya ja kaɗan, ya ce, "Ke kin ƙi ta, ni ina so."

Ta ɓata fuska, ta fashe da kuka, kukan haushi na gaske, ta ja da iyakar ƙarfinta. Sai ya sakar mata. Ta kafa kai tana sha tana harararsa ta saman kofi, har sai da na riƙe na rage mata gudu kada ta amayar. Kakar ta faɗi ta yi sujada a kan rairayi. Ni kuwa kuka na yi, ban ɓoye ba, a gaban soja da kowa.

Ajidan ya sauke hannunsa, ya rasa inda zai sa shi. Tankari ya ɗago ya dube shi. Kun san Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne, amma tun da aka kafa sansanin ba wanda ya yi ƙarfin halin tuna wa Ajidan da haka. Sai ga Tankari, yana durƙushe, ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka mare ni da na ce kai ma madarar kake so. Mun san Zabarmawa da kwaɗayi."

Gefen bakin Ajidan ya ɗan motsa. Ya ce, "Bawan banza. A rumfar yara kawai. Jakin nan kuma kada in sake jin labarinsa." Ya fita da sauri.

Daga ranar, Tankari kan zo bayan ya sauke tukunya, ya yi ta satar kofuna ana fizgewa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba duka suka tashi ba. Akwai waɗanda ya yi wa waƙar har muryarsa ta dushe, ya kai kofi baki, ba hannun da ya miƙo. Irin wannan ranar yakan ajiye kofin a hankali ya fita. Amma Mariyama ta tashi. Da damina ta sauka, da ƙafarta ta hau kamiyon da ya mai da su Adar, tana riƙe da zanen kakarta.

Na taɓa tambayarsa yadda aka yi dabarar ta zo masa. Ya ce, "Madam, ba dabara ba ce, sana'ar ke nan. Mu ba mu roƙon mutum ya ci. Mu ci muke a gabansa har ransa ya biya."

Abin da na ɗauka daga wannan rana ke nan. Dukanmu muna son yarinyar, dukanmu roƙonta muke, mun mai da abincin wani aiki da za ta yi don ta faranta mana. Mutumin da aka kusa kaiwa bariki saboda waƙar abinci, shi ya tuna mata cewa akwai abin da take da shi a duniya wanda za a iya ƙwace mata. Tun daga nan ban sake raina mai sa mutane dariya a wurin da ake kuka ba.

Har gobe rediyo kan sako tsohuwar waƙar nan ta samarin orkes, ni kuwa ba na jin sunan budurwar, tuwo nake ji ya hau kamiyo. Kuma kun sha ganina a ɗakin yara, in wani ya kawar da kai, na ɗauke kofinsa ina cewa ni zan shanye, kuna dariya kuna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Ba ruɗewa ba ce, 'ya'yana. Ina kai kofin baki a hankali ne, ina jiran in ji an ce mini, "Nawa ne."