Bugun da Frau Waltraud Ta Ceto

Shekara talatin da ɗaya Frau Waltraud Kienzle ta yi tana dafa mana abinci a gidan ƙungiyarmu ta ɗalibai a Tübingen, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama a zauren taro ba. Ƙungiyar maza ce, dokokinta kuwa sun girmi kakanninmu.

Kowace Alhamis da ƙarfe bakwai na yamma, bayan mun cika ciki da taliyarta da miyar wake, kowa kan ɗauki kofin giyarsa ya murza a kan tebur. Shugaba ya ƙirga uku, a buga tare. Mutum arba'in, amma ƙara ɗaya ake so a ji. Doka ta ce in aka yi Alhamis huɗu a jere ba a buga ba, ƙungiya ta mutu, sai a sauke tuta.

Daga kicin take sauraro, kunnenta kuwa ba ya kuskure. Washegari ka zo ɗaukar burodi ta ce, "Lorenz, ka makara jiya. Hannun naka na aro ne?"

Ni ne Lorenz ɗin, kuma ni tsautsayi ya sa nake shugabanci a shekarar da annoba ta rufe gari. Kowa ya tattara ya koma gidan iyayensa. Muka ce ai da sauƙi, a haɗu ta bidiyo. Na ƙirga uku, sai ƙara ta yi ta zubowa ɗaya bayan ɗaya kamar ƙanƙara a kan kwano, don muryata ba ta isa wa kowa lokaci ɗaya.

Mai riƙe da littafin taro shi ne Eberhard, tsohon ɗan ƙungiya, alƙali mai ritaya, ɗan shekara tamanin da biyu. Ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ba bugu ba ne, hayaniya ce. Ba zan rubuta ba."

Muka roƙe shi, ya kafe. Alhamis ta biyu haka, ta uku ma haka. Wallahi tsoro ya kama ni, ga kunya, a ce a hannuna gidan ya mutu.

Na je na sami Frau Waltraud a gidan, tana goge kofunan da ba mai sha da su. Daga bakin ƙofa na faɗa mata komai, tana can nesa da takunkumi a fuska. Ta yi tsaki.

"Duk karatun nan naku, a ce kofi ya gagare ku? Ba ni adireshin kowa."

Kwana biyu ta yi tana ɗaure kaya. Kowa ta aika masa da kofinsa mai sunansa, da busasshiyar taliya, da wake, da takardar yadda ake dafawa. Na cikin gari ita ta kai musu a kan kekenta, da ciwon gwiwarta, ta ajiye a bakin ƙofa. A ƙasan takardar ta rubuta cewa ranar Alhamis ita za ta yi magana.

Ranar ta zo, sai ga fuskarta a allo, ta matso har hancinta ya cika shi.

"Ku saurara, yaran nan. Har da kai, ranka ya daɗe. Ba wanda zai ƙirga muku. Kowa ya kashe lasifikarsa, ya zuba wa agogon wayarsa ido. Bakwai na cika, ku buga. Kar ka jira ka ji ɗan'uwanka, ka dai yarda zai buga."

Eberhard ya buɗe baki, ta ɗaga masa cokali. Ya mayar ya rufe.

Na kashe sauti. Ni kaɗai a ɗaki, ina murza kofi. Bakwai ta cika, na buga. Sannan muka kunna sauti.

Ta ce, "To, Alƙali, ka san dai ba ka ƙarya. Bugu nawa ka ji?"

Ya dubi teburinsa ya ce, "Ɗaya."

"Kai fa, Lorenz?"

"Ɗaya."

"To me kake jira, ranka ya daɗe? Rubuta."

Tsohon ya cire tabarau ya share ido, sannan ya ɗauki alƙalami. Haka muka yi ta bugawa duk Alhamis har aka buɗe gari, tutarmu ba ta sauka ba. Har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi girma, duk da ba dabarata ba ce.

Ranar da muka dawo zaure, Eberhard da kansa ya ja mata kujera, ya ajiye kofi mai sunanta. Ta dubi kofin, ta shafa sunan, ta rungume shi ta koma kicin. Wai daga can ta fi ji.

Na ƙirga uku, muka buga. Sai muryarta ta ratso bango.

"Lorenz! Yau kam ba ka makara ba."