Alhaji Salmanu Mai Goro da Ƙwaron da Ba a San Sunansa Ba

An haifi Alhaji Salmanu Idi a shekarar 1951 a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Douala, mahaifinsa Malam Idi, fataken goro ɗan asalin Kano, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Larai.

Karatu da sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a 1965, ya yi shekara huɗu a makarantar Faransanci, sannan ya zauna rumfar mahaifinsa. Bayan rasuwar Malam Idi a 1978, shi da ƙanensa Husaini suka raba aiki: Husaini ya koma garin Bafang yana saye yana ɗaure huhun goro da ganyen da ake kira fita, Salmanu yana sayarwa a New Bell.

Aure

Ya auri Rakiya Awalu ta unguwar Nkololoun a 1976, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, ya kuma sauke farali a 1989.

Al'amarin ƙwaro

A damunar 1994 aka mayar masa da goron wani ɗaurin aure daga ƙofar masallaci, saboda da aka kwance huhun a gaban jama'a sai ga wasu ƙananan ƙwari masu dogon baki, kowanne bai fi ƙwayar riɗi ba. Dattawan kasuwa sun san sankara, ƙwaron da ke huda goro, amma wannan ba su taɓa ganin irinsa ba. Wasu suka ce 'ya'yan sankara ne, wasu suka ce daga ganye yake, wasu kuma suka ɗora wa laimar Douala laifin.

Alhaji Salmanu ya yanke hukuncin cewa Husaini ya ga ƙwarin ya ɗaure da gangan. Da Husaini ya zo ba da haƙuri, Alhaji Salmanu ya ce masa: «Ko dai ka makance, ko ka raina ni. Zaɓi ɗaya.» Daga ranar zumunci ya yanke.

Sai dai al'amarin bai daidaita ba. Ya koma sayen goron garin Kumba, ƙwaron ya ɓace shekara uku, sannan ya dawo. Ya sauya ganye, ya ƙone kwanduna, ya tashi daga rumfar, duk da haka wata shekara a gan shi, wata shekara babu. A 2009 ɗansa Abdurrazak ya kai wasu ƙwarin cikin kwalba ga wani masanin ƙwari, wanda ya ce dangin sankara ne, amma bai san nau'in ba, ba shi kuma da tabbacin ko yana cin goro ma. Hajiya Rakiya ta ce: «To, Alhaji, in bai cin goro, me Husaini ya yi?»

Ƙarshen rayuwa

A jinyarsa ta 2021 ya sa aka ɗauko Husaini daga Bafang. Iyalinsa sun shaida cewa tambaya ɗaya ya yi masa, ko ya ga ƙwarin ranar da ya ɗaure huhun. Husaini ya ce: «Wallahi Yaya, tun ina cewa ban gani ba, har na daina sani. Zauna dai ka sha kununka.» Ya sha, a hannun Husainin.

Ya rasu ranar Talata, 9 ga Nuwamba, 2021. An yi masa salla a New Bell bayan La'asar, Husaini ne ya sa shi a kabari. Ya bar matarsa Hajiya Rakiya da 'ya'ya huɗu: Abdurrazak, Nana Hadiza, Kausar da Affan. Allah Ya jiƙansa.