Baba Obadiah da Tabarmar Ciyayya

Duk telan da ya daɗe a Fagge ya san Baba Obadiah mai gyaran keken ɗinki. Shagonsa yana wani lungu a bayan titin Ibrahim Taiwo, ɗan tsukuku ne, in aka kawo masa keke biyu sai shi ya dawo bakin ƙofa. Nawa shagon yana kallon nasa, zare da maɓalli da zif nake sayarwa, saboda haka ko ban so ba idona yana kansa tun safe har yamma. Bazazzagi ne, Kirista ɗan Wusasa. Ya zo Kano yana saurayi ya kama haya a Sabon Gari, a can ya yi aure, a can matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Christy. Kullum da ƙafa yake tahowa ta mahaɗar Bata, hula a karkace, hannu yana ƙanshin man keke.

Amma in ka tambaye ni abin da ya riƙe shi a lungun nan shekara da shekaru, ba zan ce keke ba ne, zan ce tabarma ce. Da an tafi sallar azahar shi ke tsaron shaguna, kuma kafin a dawo ya share gindin bango ya shimfiɗa tabarmar ciyayya. Kowa ya fito da abin da aka aiko masa daga gida, a haɗa a tsakiya. Malam Gwadabe tela da tuwon shinkafa da miyar taushe, Nwabueze mai sayar da kayan keke da teba da miyar agushi, shi kuwa Baba da faten tsaki ko dambu. Matar Nwabueze ba ta sayen nama sai a wurin mahauta Hausawa, don kada wani ya janye hannu. Baba Obadiah ke fara buɗe kwano, ya tura shi tsakiya ya ce, "To, bismillah," da wata murya da ake ji har bakin titi. Daga nan sai loma da musu. Maza uku sun tsufa suna gardamar ƙwallo da siyasa, ban taɓa ganin wanda ya yarda an kayar da shi ba.

Ciwon ya shigo masa a hankali. Sai ƙishirwa, sai yawan zagayawa, sai wando ya fara yi masa yawa. Ranar da na gan shi yana ta fama da zura zare a allurar keke har ya kira ni in zura masa, na san ba lafiya ba, domin mutumin nan a da yana zurawa yana kallon wani wuri. Christy ta ja shi asibiti, aka ce ciwon suga ne, kuma ya fara taɓa ido.

Yarinyar ba ta yi wasa ba. Ta zauna da likita ta ji bayani, ta dawo ta sauya tukunyar gidan. Rabin kwano ganye ne, zogale ko alayyahu ko kabeji. Gefe guda wake ko kifi. Tuwo kuwa, ko na acca ne ko na dawa, bai wuce dunƙulen hannunsa ba. Lemon kwalba da suga a shayi an yi sallama da su. Baba ya karɓa ba musu, har yana tsokanarta wai ta mai da shi akuya. Ta zuba masa a ɗan kwanonsa mai murfi, ya rataya ya nufi Fagge.

To, a nan aka samu matsala. Yana zama a tabarma ya buɗe kwano ya tura tsakiya ya ce bismillah, kamar yadda ya saba. Malam Gwadabe ya ɗanɗana ya ce kai, wannan kwaɗon zogale ya yi. Nwabueze ya ɗauke kifin. Kafin ka ce me, abincin da aka auna wa mutum ɗaya ya bi ciki uku, Baba kuwa ya juya kan tuwon shinkafa da teba ya ci ya ƙoshi. Da Christy ta ga kwano yana dawowa a suɗe ta ji suna yabawa, sai ta ƙara yawan abincin. Wannan bai gyara komai ba, abokan ne kawai suka samu ƙari. A ciyayya ba a tsallake kwanon kowa, in ka ƙi taɓa na wani kamar ka raina girkin matarsa ne. Su kuma a ganinsu ba laifi. "Ai tuwo babu suga a ciki," in ji Malam Gwadabe, har ya kawo masa zuma wai ya riƙa sa wa a shayi tunda ita daga Allah take.

Da aka koma asibiti aka tarar abin ya ƙara hawa. Christy ta rasa inda ta kuskure, sai wata rana ta bar wurin aikinta da azahar ta zo lungun ba sanarwa. Ta same shi da lomar teba a hannu. Ta gaishe su, ta wuce ta jira shi a shago. Ni dai ina jin su.

"Baba, idonka fa. So kake ka makance?"

"Christy, ta yaya zan buɗe kwano a gaban mutane in yi shiru? A gidanmu ba a koya mini haka ba."

"To ka ci a ciki, kai kaɗai. Don Allah, Baba. Kai kaɗai ka rage mini."

Kashegari bai shimfiɗa tabarma ba. Ya rataya wani tsohon yadi a ƙofar shago, da azahar ta yi ya sake shi. Daga inda nake ina hango shi ta gefen yadin, ya juya wa ƙofa baya, yana ci da sauri kamar wanda ya sato. Can waje Malam Gwadabe ya shimfiɗa tabarmar da kansa a karkace, suka ci su biyu, musun ma ya ƙi tashi. Suka kira shi ya ce yana da aiki. Da abin ya daɗe sai suka daina kira, har na ji Malam Gwadabe yana cewa tunda 'yar Baba ta ce abincinsu guba ne, ai shi ke nan.

Gaskiya lafiya ta samu. Ƙishirwar ta tafi, ya daina rama, ya koma zura zarensa da kansa. Amma ni tausayinsa ya fi kama ni a lokacin fiye da sanda yake ciwo. Da sun fashe da dariya a waje sai in ga lomarsa ta tsaya a hanya, kunnensa yana can. Wata rana ya zo sayen zare ya daɗe a tsaye yana juya shi a hannu.

"Jawahir," ya ce mini, "cikina yana ƙoshi, amma rabona da in ci abinci tun ranar da na bar tabarmar nan. Ba tuwon nake kewa ba. Hannuwan nake kewa."

Ni ba na iya riƙe magana, kowa ya san halina. Da yamma na tare Malam Gwadabe a ƙofar shagonsa na wanke shi tas. Na ce masa tuwo da teba in sun shiga ciki suga suke zama, zumar ma haka, kuma mutumin da suke wa kallon mai rowa kunyarsu ce ta kore shi bayan labule. Ya saurare ni har ƙarshe yana murza gemu, abin da ban taɓa gani ba.

Da azahar ta gaba, bayan an fito masallaci, ya je ya ɗaga yadin nan ba sallama.

"Obadiah, ɗauko kwanonka ka fito."

"Malam, ka san ba zan iya ci a gabanku in..."

"Mun ɗauke maka. Ni da Nwabueze mun yi magana. Daga yau ba wanda ke bin ka bismillah, kuma matanmu sun yafe maka kwanonsu. Naka naka ne. Ka zo ka zauna kawai, musu ya mutu tun da ka tafi."

Ya fito, ya gyara tabarmar da suka shimfiɗa a karkace, ya zauna a wurinsa. Na ga ya share ido da gefen hula, ya ce wai hayaƙin janareta ne.

Yanzu haka ake yi. Yana cin ganyensa da ɗan dunƙulen tuwonsa, suna cin nasu, gardamar ƙwallo ta dawo. Kada in yi muku ƙarya in ce komai ya koma kamar da. Wani lokaci ina ganin idonsa yana bin hannuwansu biyu a cikin kwano ɗaya, shi kuma nasa hannun shi kaɗai a nasa. Kuma har yau, duk sanda ya buɗe murfi, hannunsa kan tura kwanon tsakiya kafin ya tuna. Malam Gwadabe sai ya sa bayan hannu ya turo masa shi gabansa a hankali, ba tare da ya katse maganar da yake yi ba.