Kifin da Na Ƙi Soyawa

Me ya hana ni soya wa maigidana Malam kifin nan? Har yau ina kuka ban samu amsa ba. Ɗanmu ne ya kai shi kamun kifi bakin teku, suka dawo gida Greenbelt, garin da muke zaune a ƙasar waje, da wani abu shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanu biyu a gefe guda. Wai haka irinsu suke. Amma wannan bayansa ma a karkace, ga dabbare-dabbaren fari kamar mai kyasfi. Na ce ni da na girma da ragon ruwa, ko mage ba zan ba wannan ƙazanta ba. Na jefa shi a shara. Malam ya ɗauki hularsa zai tafi sallar la'asar, a can ne kuma ya faɗi bai ƙara tashi ba. Kafin ya fita, daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, shi ma fa ba shi ya yi kansa ba."