Ɗamarar da Baduku ya ɗinka wa Tsumma

Duk wanda ka tambaya a layin nan zai ce maka ya taso ya tarar da Baduku a rumfarsa ta ƙarƙashin matakala. 'Yar rumfa ce da ba ta ɗaukar mutum uku: benci ɗaya, akwatin basilla da zare, sai warin fata da gam da ya kama bango. Takalmi, jaka, bel, duk abin da ya yage nan ake kawo shi. Abin da aka san shi da shi kuwa, ɗinkinsa ba ya warwarewa. Takalmi zai mutu, tafinsa ya huje, amma inda Baduku ya sa zare yana nan daram. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo yakan ce, "Kai dai ka kashe kasuwarka da hannunka. Wanda ka yi wa aiki sau ɗaya, sai dai ku gaisa a hanya."

Yana da wata al'ada ta aiki: ba ya auna ƙafar babba sau biyu. In ya zagaye ƙafarka da zare yau, ya riƙe ta a ka ke nan. Ƙafar baligi, in ji shi, ta gama magana.

Shekarar da matarsa ta rasu wani ɗan kwikwiyo ya fara kwana a cikin tarin tsummokaransa. Ya kore shi, ya dawo. Ya sake kora, ya sake dawowa. Daga baya ya gaji da kora, ya sa masa suna Tsumma. Da karen ya girma sai ya zama mai ja, igiyar wuya tana shaƙe shi har ya riƙa tari. Baduku ya ga irin ɗamarar da wasu ke sa wa karnukansu, wadda ke zagaye ƙirji da kafaɗa ta bar wuya ya huta. Ya jira har ya tabbata karen ya gama girma, ya auna shi, ya zaɓi fata mai kauri, ya yi mata ɗinki biyu-biyu, ya kafa zoben ƙarfe a gadon baya. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Ido ya riga ya fara hazo, hannu yana rawa. Ya rufe rumfa ya koma wurin 'yarsa da mijinta a saman bene, shi da karensa.

Shekaru suka tura. Gwiwa ta hana Baduku dogon yawo, sai ɗan zagayen layi safe da yamma. Surukinsa kuma mutum ne mai sakin hannu, ba ya cin abinci bai jefa wa Tsumma rabonsa ba.

Sai halin karen ya fara canzawa. Da ya ji ƙarar zoben ɗamara sai ya shige ƙarƙashin gado. In an fita, ya yi kan mai keke, ya yi kan karen da bai kula shi ba. Baduku ya dawo gida yana haki, kafaɗa kamar za ta cire. Wata safiya surukin ya ce bari ya taya shi ɗaurawa, Tsumma ya juyo ya kafa masa haƙori a hannu.

'Yar, wadda cikinta ya tsufa, ta wanke masa ciwon. Sai da mijin ya fita ta zo ta zauna kusa da uban.

"Baba, ka ga halin da nake ciki."

"Na gani."

"Yau hannun babba ne. Gobe fa?"

Ya murza gwiwa.

"Akwai wata malama a asibitin dabbobi, aikinta duba halin karnuka. Mu kai shi. In ta ce mugu ne, Baba, ka yi haƙuri, ba zai tarbi jaririn nan a gidan nan ba."

"To," ya ce.

Ɗakin Malama ba komai a ciki sai tabarmar roba da kujeru. Ba ta ko dubi karen ba da farko, tambaya ta yi ta jerowa. Yana cin abinci? Yana barci? Wa yake yi wa gurnani, kuma a wane lokaci? In yana kwance aka taɓa shi fa? Baduku ya amsa a gajarce, kamar mai ba da shaida a kan ɗansa.

"Baba, ɗan zagaya da shi in gani."

Suka zagaya. Tsumma yana tafiya da gajeren taku, ƙafafun gaba a ware. Malama ta durƙusa a gefensa, ta ba shi bayan hannunta ya shinshina, sannan ta nemi cusa yatsa ƙarƙashin madaurin ƙirji. Yatsa bai shiga ba. Karen ya yi gurnani, jikinsa yana ɓari.

"Wa ya yi wannan ɗamarar?"

"Ni."

"Kai, aiki ya yi kyau. Yaushe ka auna shi?"

"Ranar da na yi ta."

"Daga nan fa?"

"Ai ya riga ya girma, 'yata."

Ta dube shi, ba da raini ba. "Ya girma, Baba, amma bai daina ƙiba ba. Ita kuma fata ta sha ruwan sama ta bushe, ta zama ice. Ta kasuwa da tuni ta tsinke kun sayi wata."

Ta ce kada a ja ɗamarar wajen kwancewa, a yanke. Almakashinta ya ci fatar, ya zo kan ɗinki ya tsaya cak. Baduku ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa ta aiki da ba ya rabuwa da ita. Ya yanke zarensa da kansa, ɗinki bayan ɗinki, 'yarsa tana riƙe da kan karen. Da aka ɗaga, sai ga hamatar Tsumma duka biyu, gashi ya ƙare, fata ta yi ja tana ruwa.

Baduku ya daɗe yana kallo. Shi da ke gane inda takalmi ke cizon mutum daga takunsa kawai, ga shi bai gane na karensa ba.

Malama ta sa magani, ta bar karen ya huta, sannan ta gwada shi. Ta yar da makullai a bayansa, ya waiwaya kawai. Ta ɗauke kwano yana cikin ci, ya bi ta da ido yana kaɗa wutsiya. Ta taɓa kunne, ta taɓa ƙafa. Amma da ta ɗauko wata sabuwar ɗamara mai laushi, zobenta ya yi ƙara, sai Tsumma ya manne da bango ya bayyana haƙora.

"Malama, ki faɗa mini gaskiya," in ji 'yar. "Zai sake cizo?"

"Ba zan rantse miki ba. Mugunta dai ban gani ba. Ciwo zai warke da wuri, tsoro ne mai nauyin tashi. In ya yarda ya sa kansa cikin wannan da kansa, ba tilas, to ya fara warkewa. Ko ya warke kuma, ba a barin kare da jariri su kaɗai."

A hanyar gida 'yar ta ce, "Kafin in haihu, Baba. In ya yarda, ya zauna."

Haka Baduku ya shiga aikin da bai taɓa yi ba, aikin zama. Kullum ya sauka ƙasa da ƙyar, ya jingina da gado, ya ajiye sabuwar ɗamarar da Malama ta ba su kusa da kwanon abinci, ya kau da kai kamar babu ruwansa. Yakan juya ta a hannu ya yi tsaki; ɗinkin inji ne, zare kamar na gizo-gizo. Tsumma ya ci abinci yana harararta. Bayan kwanaki ya shinshina ta. Baduku ya fara riƙe ta a buɗe, da guntun nama a ɗaya gefen. Karen ya miƙo wuya ya janye, ya miƙo ya janye. Hannun tsoho ya gaji ya sauke, gobe a sake. Ita kuwa 'yar, tafiya ta fara yi mata nauyi, har ta haɗa jakar asibiti ta ajiye bakin ƙofa.

Wata yamma tana tsaye a bakin ɗakin riƙe da ƙugu, Tsumma ya zura kansa ciki, ya ɗauki naman, ya tsaya yana taunawa da ɗamarar a kafaɗarsa. Baduku bai motsa ba. Ya ɗaura a hankali, ya cusa yatsu biyu ƙarƙashin madauri, suka shiga suka fita.

'Yar ta juya wajen mijinta da ke falo. "Gobe ka nemo kafinta ya yi mana 'yar ƙofar katako a bakin ɗakin jariri, mai tsayin da ba zai tsallake ba."

"Wato ɗan gidan ya ci jarrabawa ke nan?"

"Ka dai daina cusa masa abinci."

Baduku ya dafa gado zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya koma ya zauna.

"Kira mini mijinki," ya ce. "Ya zo ya ɗaga ni, mu ɗan sauka ƙasa kafin rana ta faɗi."