Rubutun Malam Abu Ya Ƙi Zuwa Gwaram

Ni Haladu, ɗan acaɓa ne a Birnin Kudu, shekarata arba'in da huɗu, kuma sau goma sha ɗaya na je Gwaram a banza cikin wata biyu a kan abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Ƙanwata Sadiqa ce ta jawo mini. Labarinta zan ba ku, don in an bar mata, cewa kawai za ta yi "an gyara", ta ja bakinta ta yi shiru.

Gidanmu gidan malamai ne. Kakanmu Malam Abu, Allah ya jiƙansa, da kyan rubutu aka san shi, har daga Sundimina da Kangire ake zuwa ya rubuta wa mutane. Mahaifinmu Malam Balarabe ya gaje shi. Ni aka so in gaji Malam, na ga ba zan iya ba, na sayi babur. Shekara ashirin da biyu ke nan, Malam bai taɓa hawa bayana ba, gara ya taka da ƙafa cikin rana. Sadiqa ce ta zauna ta yi karatun. Amma fa ita ma ba lafiyayya ba ce. Tana da shekara bakwai ta warware igiyar gugan gidanmu tas, wai tana son ta san zare nawa ne a ciki. A ranar, daga tulun maƙwabta muka sha ruwa.

Yanzu da safe tana koyarwa a Islamiyyar Malam, da rana tana rubuta manhaja. Wani kwas na wata shida ta yi a Dutse, sauran a waya ta koya, tana goyo tana latse-latse. Mijinta yana koyarwa a Kangire, gidansu ba wuta, don haka tsohuwar kwamfutarta a ɗakin karatun Malam take, inda akwai sola.

Ga yadda abin ya faro. Goggo Huseina, ƙanwar Malam, tana aure a Gwaram, ta haura sittin. An koya mata surorin salla da ka, amma ba wanda ya taɓa sa mata alƙalami a hannu, ita da ubanta ya rubuta wa rabin ƙasar nan. Rana tsaka ta tara mata ashirin da uku a tsakar gidanta, ta ce za su koyi karatu. Kuma ita, in ji ta, ba za ta koyi baƙi ko ɗaya ba sai da rubutun hannun babanta.

Akwai wasu takardu goma sha huɗu da Malam Abu ya rubuta don masu fara koyon baƙaƙe, bisimilla a saman kowacce. Malam ba ya barin su fita ko zaure. Sadiqa ta roƙi ta ɗauki hotonsu ta sa a manhaja, tare da zanen jaki, takalmi, tsintsiya da sauransu, don matan su riƙa haɗa kalma da abin da suka sani. Sati uku tana roƙo kafin ya buɗe baki.

"Na ba ki zuwa ganin watan azumi," in ji Malam. "In rubutun Baba ya bayyana a wayar Huseina, shi ke nan. In bai bayyana ba, bai yarda ba ne. Ki goge hotunan, kwamfutar ta bar mini gida, kada in ƙara jin zancen."

Malam kuwa in ya yanke magana, ko da kuka ba ya warware ta.

Unguwar su Goggo netwok sai an hau dutse. Don haka dole komai ya kasance a cikin wayar tun farko. Yadda Sadiqa ta yi mini bayani, kwamfuta ce take tattara umarni da hotuna da fayil ɗin rubutun, ta cusa su cikin ƙunshi ɗaya ta ɗinke baki kamar buhun masara. Laburare suke kiran ƙunshin. Ta ɗinka, ta gwada a kwamfutarta, ga rubutun Malam Abu raɗau. Ta zuba a filas, ɗan abin nan kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta a kwashi fayil, na goya ta sai Gwaram.

Mata sun cika tsakar gida, har da kunun zaƙi. Aka sa manhaja a wayar Goggo. Jaki ya fito, kunnuwa a miƙe. Takalmi ya fito. Inda rubutu zai zauna, fari fat, sai wani ɗan layin Turanci mai cewa ba a sami fayil ba.

Goggo ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta juya bayanta.

"To ga jakin," ta ce. "Ina Baba?"

Sadiqa ta ce wallahi a kwamfutarta yana nan. Goggo ta juyo ta kalle ni tun daga hula har silifa.

"Haladu, gudu ka yi ko?"

Jama'a, ku ji fa! Wai na faɗa rami, rubutun ya zube a hanya. Na ce Goggo, in zubewa ake yi, me ya hana jakin zubewa, shi da ya fi nauyi? Ta ce jaki ya saba da hanya, Baba kuwa tun yana raye ba ya son jijjiga.

Tafiya ta biyu a cikin robar man shafawa na sa filas ɗin, na cika ta da auduga, na yi tafiyar awa ɗaya da rabi a awa uku. Masu keke suna wuce ni suna tambayar ko gawa na ɗauko. Muka isa, jaki ya fito, Baba bai fito ba. Ta uku aka ce warin fetur ne, na bar babur na shiga bas, robar a kan cinyata kamar jariri. Ta biyar wata maƙwabciyar Goggo ta sa aka auna filas ɗin a sikelin mai kemis kafin mu tashi, aka sake aunawa da muka isa. Nauyi ɗaya. Matar ta ce ai shi ke nan, tun a gida bai hau ba. Muka yi mata dariya. Allah ya yafe mana, duk cikinmu ita kaɗai ta faɗi gaskiya.

Sadiqa ba ta yarda da zancen rami ba, ba ta dai son musu da manya. Kullum tana sake ɗinki, tana canja wannan layi tana goge wancan. Ta gwada wayoyi shida. Don ta wanke ni, ta tura manhajar ta intanet, na hau dutse a Gwaram da wayar Goggo na sauke ta ba tare da filas ba. Fari fat. Na sauko ina murna, na ce yanzu ina ramin? Goggo ta ce wa ya gaya mini iska ba ta da ramuka.

Malam kuwa duk ranar da muka dawo sai ya dubi fuskar Sadiqa ya ce, "Bai je ba ko?" Ta rame, wallahi. Rannan na same ta a soro tana goge ido da gefen hijabi, ta ce ba kwamfutar take ji ba, kunyar Goggo take ji. Tsohuwa ta tara mata ta yi musu alkawari, kullum sai jaki. Ni da na shigo da niyyar masifa sai na zauna kusa da ita.

Saura kwana biyu a fara duban wata na ɗauko Bernard. Yana gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ɗan kudancin Kaduna ne, amma a nan aka yaye shi, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya saurari labarin tun daga robar man shafawa, bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

"Malama," ya ce, "kin taɓa farke buhun kin ƙirga abin da ke ciki?"

Ba ta taɓa ba, tunda yana aiki a gabanta. Suka buɗe laburaren suka jera kayan cikinsa. Ya kamata a ga arba'in da biyu, aka ga arba'in da ɗaya. Bernard ya ce kwamfutarta tana ajiye ragowar tsofaffin gwaje-gwaje, daga nan take ɗauko rubutun tana nuna mata, shi ya sa take ganinsa ita kaɗai. Suka share ragowar, suka sake gwadawa. Fari fat, a nan Birnin Kudu.

Sadiqa ta miƙe tana alhamdulillahi har da tafi. Na ce ke, lafiyarki? Da a Gwaram kaɗai ya lalace, yanzu ya lalace ko'ina, shi ne abin murna? Ta ce, "Yaya Haladu, abin da ya lalace a gabana ai na kama shi."

Suka leƙa foldar da ake kwasar kaya daga ciki. Fayil ɗin rubutun ba ya nan. Umarnin da ta rubuta cewa ya yi a kwashe duk abin da aka tarar a foldar, don haka kwamfuta ta kwashi abin da ta tarar, ta ɗinke, ba ta yi ƙorafi ba. Nema kaɗan suka gan shi can ƙuryar sama ta fuskar kwamfutar, shi kaɗai, bisa tarkacen fayiloli sun fi ɗari da Sadiqa ta barbaza. Ta ce lallai hannunta ne ya zame ta ja shi ba ta sani ba. Ta mayar da shi. Amma la'asar ta wuce, batirin sola ya yi ƙasa, ɗinkin kuma yana cin kusan awa. Aka bar shi sai rana ta fito.

Washegari Sadiqa ta ba wata malama ajinta, muka shigo da hantsi. Muka tarar da Malam zaune gaban kwamfuta, tabarau a karan hanci, ya riƙe linzamin kwamfutar da hannu biyu. Sadiqa da kanta ta koya masa tun farkon aikin, don idonsa ya yi rauni, yana son ya riƙa ƙara girman rubutun babansa yana kallo. Muna tsaye a bakin ƙofa ya kama fayil ɗin daga ƙasan jerin, ya ja shi a hankali yana bisimilla, ya fitar da shi daga foldar, ya kai shi ƙuryar sama ya ajiye. Sannan ya sauke numfashi.

"Baba," in ji Sadiqa, "me ka yi yanzu?"

"Wani mara ta ido ne ya sake mayar da Baba ƙarƙashin jaki," in ji Malam. "Dubi nan. Jaki, takalmi, tsintsiya, har da kare, duk a bisa takarda mai sunan Allah. Ni da ko tabarau ban yarda a ɗora a kansu ba. Wata biyu da suka wuce na ɗauke shi, jiya an mayar."

Ashe kwamfutar tana jera sabon abu a sama ne, rubutun kuwa shi aka fara sawa, sai ya nutse can ƙasa.

Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce Malam, sau goma sha ɗaya! Auduga! Sikelin mai kemis! An ce na zubar da kakana a rami! Me ya hana ka faɗa?

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai in ka tsinci takarda a ƙasa ka ɗaga ta, shela kake yi?"

Sadiqa ta durƙusa ta ce a cikin na'ura babu sama babu ƙasa, jeri ne kawai. Malam ya ce in babu sama babu ƙasa, me jakin yake yi a sama? Ta san za ta iya jira ya fita ta mayar ta ɗinke, ba zai taɓa sani ba. Ba ta yi haka ba. Ta ja kujera kusa da shi, ta buɗe wa rubutun folda tasa shi kaɗai a sama da kowacce. Ta goge umarnin kwashe-duk, ta rubuta sunan kowane abu ɗaya bayan ɗaya, na Malam Abu a farko. Ta ƙara wani layi, in babu shi kwamfuta ta ƙi ɗinkin gaba ɗaya. Da aka gama ta farke ƙunshin a gabansa. Arba'in da biyu, rubutu a layin farko, jaki can na talatin da wani abu.

Malam ya sa ta karanta masa jerin sau biyu. Sannan ya miƙe, ya karɓi filas ɗin, ya cire hularsa ya sa shi ciki ya mayar.

"Haladu, tayar da babur ɗin."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya tattare babbar riga ya hau bayana, ya riƙe kafaɗata. Sadiqa ta biyo mu a bas. Hanyar nan kaf ban faɗa rami ko ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, hawaye na yi ta yi, na ce iska ce.

Bayan azahar aka sa manhajar a wayar Goggo, mata sun kewaye ta. Ta latsa. Bisimillar Malam Abu ta fito baƙa wuluk, da jan wasali, da ɗan wurin da tawada ta ɗiga a gefe. Wata ta rangaɗa guɗa. Goggo ta tashi daga tabarma, wai ba za ta riƙe shi tana ƙasa ba, ta koma kan turmi ta zauna. Ta daɗe tana kallo.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce. "Ka sha hanya."

Tun daga ranar matan ajin nan ba mai ajiye waya a ƙasa. A ƙusa suke rataye ta sama da ƙofa, mazajensu su yi ta kira daga gona ba a ɗauka, sai an nemo kujera. Har yau ni suke zagi.

Amma a ranar, Malam ya matsa kusa da ƙanwarsa ya ce ta karanta masa na farko. Ta ce ai ba ta sani ba, wa ya koya mata? Takardun nan shekara arba'in suna cikin akwatinsa, ya koyar da yara sun fi dubu da su. Na ga kunya ta kama shi, ban taɓa ganin haka a fuskarsa ba. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan baƙin farko.

"Ce alif, Huseina."

"Ka makara da shekara sittin, Yaya," in ji Goggo. Ta gyara zama a kan turmin, ta matsa masa wuri. "Sake faɗa, ban ji da kyau ba."