Malam Talle, Wanda Ya Raba Hajiya da Ƙugin Rediyo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Talle mai gyaran rediyo na Ƙofar Durbi, bayan jinyar kwana tara.

Malam Talle, ba zan yi ƙaryar abota ba. Sau ɗaya ka taɓa shiga gidanmu.

Tun da idon mahaifiyata Hajiya Mairo ya tafi, rediyo ne abokin hirarta. Da na sa sola a gidan, na cika ɗakuna da fararen ƙwayayen fitila, sai rediyon ya koma ƙugi, ba a jin ko kalma. Na sayo sababbi har uku a Babbar Kasuwa, duk ɗaya. Hajiya ta daina kunnawa, ta koma zaman shiru, abinci ma sai an matsa mata.

Da na kai maka su rumfarka, ko buɗewa ba ka yi ba. Ka ce, "Lahiyarsu lau, Alhaji. Gidan naka za mu duba."

Da muka isa gidan, ka kara rediyon a kunne, kana bi ɗaki ɗaki, kana sa ni kashe wannan, zare waccan. Ashe cajar waya ce a gefen gadonta, da ƙwan da ke saman kanta. Ka sa aka cire ƙwan, aka mayar da caja zaure, ka sa wa rediyon batir, ka ajiye shi bakin taga, ka ɗaura siririyar waya a eriya ka zura ta waje. Murya ta fito tar.

Kana sa takalmi ka ce mani, "Ka sayo haske ma wadda ba ta gani, ka amshe mata abin da take ji." Na ji haushinka ranar. Gaskiya ka faɗa.

Ranar Larabar nan ina shago, ban san komai ba. Da na dawo bayan La'asar, Hajiya ta juyo da fuskarta wajen ƙofa ta ce, "An yi sanarwa a rediyo. Mai gyaran nan ya rasu. Na ji sunanshi sarai, har da unguwarsu." Ita ta sanar da ni, kuma ita ta sa na rubuta wannan.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba maiɗakinka Malama Safiya, da 'ya'yanka Umair da Halimatus Sa'adiyya, haƙurin rashinka. Amin.